Mazo Mai Tsagaggen Kunne

'Yar autata ce ta matsa aka ɗauko ni daga gida, ita da mijinta da ke dogon karatu a nan Kuala Lumpur, wai likitocin garin sun iya aikin yanar ido. Sun iya kuwa, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sai dai sun buɗe mini ido a bene hawa goma sha huɗu a unguwar Cheras, inda in na leƙa taga ba abin da nake gani sai wasu benayen, da shanyar mutane a baranda, da jirgin ƙasa da ke bin saman gada ba direba a cikinsa. Ni da na yi ƙuruciyata kaina a sunkuye ina karatun sawu, yau ga ni a inda ƙasa ba ta riƙe sawu. Mutum zai shigo gida ya zauna ya fita, ka duba tayil bai gaya maka komai ba. A garinmu da, kafin ka yi sallama a ƙofar mutum ka riga ka san wa ya riga ka zuwa, da jaki ya zo ko a ƙasa, kuma ko yana sauri.

Ni mutum ne mai zargi, ban taɓa ɓoyewa ba. Ranar da surukina ya kai ni kasuwar Chow Kit don in miƙe ƙafa, na tsaya gaban wani mai nama na daɗe ina kallo. Ga nama nan a yanke cikin leda, sanyi ƙarara, ba kai ba fata ba kofato. Da muka dawo na ce wa 'yata naman da ba shi da kai ai sai abin da mai sayarwa ya ce. Ta yi dariya ta nuna mini tambarin halal a jikin ledar, ta ce a nan ba a wasa da wannan. Na ce ba yanka nake tambaya ba, shekarun dabbar nake tambaya. Ba ta gane ba, ni ma ban yi mata bayani ba, don bayanin yana da tsawo kuma ba na son inda yake ƙarewa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci surukina ya shigo da baƙo, wani magidanci dogo, sai da ya sunkuya kafin ya wuce ƙofa. Shi ma karatun ne ya kawo shi, yana zaune a Brickfields da matarsa da 'ya'ya biyu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, abin da na daɗe ban gani ba a garin nan. Na tambaye shi asalinsa, ya ambaci ƙauyenmu. Na tambayi gidansu, ya ce ai kakansa abokina ne na ƙuruciya, wanda ake ce wa Dogo. Na daure na tambaya ko tsohon yana nan, ya ce yana nan da ransa, ido ne kawai ya tafi, kullum yana zaure a kan buzunsa. Allah ya yafe mini, ban ji daɗin jin haka ba. Na daɗe da binne Dogo a zuciyata, don hakan ya fi mini sauƙi.

Daga ranar bai sake fashin Juma'a ba. Zai zo da shayi da gurasar nan tasu mai maiƙo a ƙulle, wai ya yi mini tapau, wato ƙunshin tafi-da-gidanka, a wurin mamak, masu shagon shayin garin, ya zauna ya tambayi idona, ya ba ni labarin malaminsa da ke wahalar da shi, ya tashi ya tafi. 'Yata tana ta yabonsa. Ni kuwa ina kallon hannunsa da bakinsa, ina jiran ranar da zai ajiye abin da ya zo da shi na gaskiya. Ruwa ba ya tsami banza. Wane ne zai baro iyalinsa, ya hau jirgi ya sauka ya sake hawa wani, don kawai ya kalli tsoho yana shan shayi? In ya yi shiru in ce yana auna ni, in ya yi dariya in ce ya san wani abu. Na sani sarai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, amma sanin bai hana ni zargin yaron mutane ba.

Ni da Dogo tare muka tashi a hannun Sarkin Bakan garinmu. A wancan zamani ba a ba ka kwari da baka don ka ce kana so. Sai ka shekara uku kana wanke tukunyar dafi, kana dafa wa karnuka dusa, kana jeme fata har hannunka ya yi kanta, kana ɗebo wa matan gidan ruwa daga rafi. Abin da nake tunawa ba fuskoki ba ne sosai, sauti ne. Kukan fakara da asuba kafin ladan ya gama gyaran murya, ƙarar taɓarya daga gida zuwa gida kamar ana amsa wa juna, da kukan tsirkiya in maigida yana gwada sabon baka a bayan zaure. Daji kuwa daga bakin gonar ƙarshe yake farawa, kurmi baƙi ƙirin, in ka shiga da rana tsaka sai ka ji sanyi. An koya mana barbaɗa toka don mu san inda iska ta nufa, da ɗaura burtu a goshi mu yi rarrafe kamar tsuntsu, da murza kashin dabba a yatsa mu faɗi ko na jiya ne ko na ɗazu. Dogo ya fi ni hannu, kibiyarsa ba ta cika faɗuwa ƙasa banza ba. Ni kuma na fi shi hanci, har aka laƙaba mini Mai-hanci, ina jin daɗin sunan fiye da kima.

Sarkin Baka ba mai yawan magana ba ne, amma yana da doka ɗaya da yake maimaitawa har mun gaji da ji. Namijin dabba duk wanda ƙahonsa bai wuce kunnensa ba, ba naka ba ne, na baɗi ne. Kuma duk abin da ka harbo, kafin wuƙa ta raba shi, sai ka kawo kan zaurensa ya gani. Zai kama kunnen ya miƙar da shi a jikin ƙahon, ya dube ka, shi ke nan. In mun yi ƙorafi cewa a daji ba a tsayawa awo, sai ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wanda ya ci nama bai kawo kai ba, ko me zai faɗa, an san abin da ya ɓoye. A lokacin muna ganin tsanani ne irin na tsofaffi. Yanzu da kurmin ya zama gonakin masara, babura na ratsa inda muke rarrafe, jikokina ba su san mazo ba sai a hoton waya, na gane cewa tsohon nan lissafin shekaru yake yi mana.

Abin ya faru ne a wata bazara mai tsanani. Rafi ya janye, namun daji sun yi nisa, sai mu yi kwana huɗu biyar ba mu ga ko zomo ba. A cikin wannan hali matar Dogo ta haihu, ɗan fari. A wurinmu abin kunya ne matar maharbi ta yi jego ba ta ci naman bakan mijinta ba. Mata za su yi ta yi da shi a bakin rijiya. Muka fita ni da shi da sassafe, muka kwanta a bayan wata kanya kusa da ɗan ruwan da ya rage a kurmi. Rana ta fara ɗagowa sai ga shi ya fito, saurayin mazo, ja mai ɗigon fari a cinya, yana taku ɗaya ɗaya yana karkaɗa kunne. Kunnensa na hagu a tsage yake tun daga tsakiya har baki, ko ƙaya ce ko wani abu ne ya taɓa kai masa hannu, oho. Ƙahon kuwa ko rabin kunnen bai kai ba.

Na ji Dogo ya ɗana kibiya. Ban san lokacin da na kama masa gwiwar hannu ba. Muka daɗe a haka, shi yana ja ni ina riƙe, mazon yana shan ruwa bai san ana shari'ar ransa ba. Dogo ya raɗa mini cewa in ba mu ɗauke shi ba kura ce za ta ɗauka, kuma maijego na gida ba ta san zancen kunne da ƙaho ba. Na raɗa masa cewa na baɗi ne. Ya sassauta tsirkiyar a hankali. Mazon ya ɗaga kai, ya yi haushin nan nasu irin na kare sau ɗaya, ya faɗa duhuwa. Muka kama hanyar gida, Dogo yana gaba rai a ɓace. Ni kuwa ƙafata ba ta taɓa ƙasa don alfahari. Da yamma a zauren Sarkin Baka na ba da labarin a gaban kowa, na kwatanta tsagar kunnen dalla-dalla, na faɗi yadda na riƙe hannun Dogo. Ba sai na faɗi wannan na ƙarshen ba, amma na faɗa.

Bayan kwana uku na koma bakin ruwan ni kaɗai, ban ga sabon sawunsa ba. Washegari ma babu. Da magariba ina wucewa ta bayan dangar gidan Dogo sai ƙamshin nama ya bugi hancina. Na tsaya. Na san bai kawo kai zaure ba, na san ba shi da ko akuya ɗaya. Nan take na haɗa komai na ƙulle. Yau da na tsufa zan iya faɗin abin da ke ƙarƙashin ƙullin. Kowa ya san Sarkin Baka yana shirin damƙa wa Dogo ragamar samari, kuma ina jin zafin haka a raina. Zargin ya zo ya tarar da ƙofa a buɗe.

Na kai ƙararsa, aka tara maharba a zaure. Sarkin Baka ya tambayi Dogo naman me aka dafa a gidansa, ya ce na akuya ne. Aka ce ina kai, ina fata, ya ce babu. Aka ce wa ya ba shi, ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Sau uku ana tambayarsa. Sai tsohon ya juyo gare ni ya ce, kai Mai-hanci, me ka ji? Na ce mazo na ji, kuma hancina bai taɓa yi mini ƙarya ba. Gaskiyar magana, ƙamshin nama da daddawa da barkono na ji ta bayan danga, ba wanda zai iya raba akuya da mazo a haka. Amma na faɗa, kuma aka yarda. A ranar aka karɓe kwarin Dogo da bakansa aka rataye a zaure. Kafin sati ya zagayo yara sun fara kiransa Ci-ɗanye. Da damina ta wuce ya kwashe iyalinsa ya koma wani gari can gabas da mu, ya kama noma. Sunan ya bi shi. Ni aka ba ragamar samari.

Shekara biyu bayan haka, da kaka, ina kwance a bayan kanyar nan dai, sai ga wani ƙasaitaccen mazo ya fito. Wuyansa ya yi kauri, jan ya koma duhu, ƙahon ya murɗe ya wuce kunne da kusan taƙi guda. Iska na wajena, tsakaninmu bai fi taku ashirin ba. Na ɗana kibiya na ja har kunnena. Sai ya juyo da kansa, na ga kunnen hagu a tsage daga tsakiya har baki.

Ban san iya lokacin da na ɗauka a haka ba. Halal ɗina ne, dokar ta ba ni shi, gidana ma ana bukatar naman. Amma in na harbe shi sai na kai kan zaure, Sarkin Baka ya kama kunnen nan ya miƙar a gaban mutanen da na kwatanta wa tsagar da bakina. In kuma na ci ban kai kan ba, na zama abin da na ce Dogo ne. Na sassauta tsirkiya. Ya sha ruwansa ya tafi. Sau biyu ke nan ina barin dabbar nan da ranta. Na farko na yi ta ba da labarinsa shekara da shekaru, har an mai da shi abin koya wa yara. Na biyun ko matata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa ji ba. Daga ranar na daina zuwa wannan ɓangaren kurmin, na kuma hana samarin da ke hannuna zuwa, na ce musu akwai iskoki a wurin.

Juma'ar da ta wuce jikan Dogo ya zo da wata leda daban. Ya ajiye a gabana ya ce naman rusa ne, wato barewar ƙasar nan, a gona ake kiwonsu kamar awaki, ya ga ni tsohon maharbi ne ya ce bari ya kawo mini in tuna da. Na dubi ledar, na dube shi. A raina na ce yau dai ga ranar ta zo, da nama ya zo ya yi mini shari'a. Na ce masa cikin gatse, ina kan? Ya yi dariya har da buga cinya.

“Baba, ai nan ba a ba da kai, daga firiza sai tukunya. Ni ma ban san ɗanɗanonsa ba wallahi. A gidanmu ba a cin naman daji, Kaka ya hana tun kafin a haife mu.”

Na tambaye shi dalili kamar ban sani ba. Ya ce akwai wani suna da ake kiran gidansu da shi, har a makarantar firamare ya sha dambe a kansa. Ya ce kakarsu kafin ta rasu ta gaya musu yadda aka yi. Lokacin da ta haifi babansa, uwarta ce ta ga kwana da kwanaki ba nama, ta sa aka yanka akuyarta a can garinsu, ta aiko da cinya a ɓoye cikin ƙwarya an rufe da gari. Shi kuma Kaka ya gwammace a karɓe bakansa da ya buɗe baki a gaban maza ya ce surukarsa ce ke ciyar da maijegonsa. Yaron ya faɗi wannan yana murmushi, irin na wanda ya ji labari sau da yawa bai tabbatar ba. Ya ƙara da cewa su dai haka aka gaya musu, amma ka san mutane, kowa gidansu yake karewa.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi yi mini ciwo. Ashe har jikansa bai gama yarda da shi ba. Duk da haka halina bai bar ni ba, sai da na tambaye shi kai tsaye me ke kawo shi wurina duk Juma'a, wa ya aiko shi, me aka ce ya nema. Ya dube ni da mamaki.

“Kaka ne. Da na gaya masa a waya kana nan, cewa ya yi in riƙa leƙa ka. Ya ce Mai-hanci bai iya zaman wuri ɗaya ba, a bene zai ƙuntata. Shi ke nan fa, Baba.”

Na nemi wani abu a cikin maganar da zan kama in zarga, ban samu ba. An yi la'asar a lokacin, ruwan nan nasu na kullum ya fara dukan gilashin taga. Na tambaye shi ƙarfe nawa ne a gida yanzu, ya duba waya ya ce hantsi ne, Kaka ya fito zaure. Na ce ya kira mini shi. 'Yata ta fito daga kicin tana goge hannu ta tsaya a bakin ƙofa. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin wani ya ɗauka ya kai masa. Yaron ya buɗe muryar yadda kowa zai ji, ya ajiye a kan tabarma tsakaninmu. Na ji kukan kaji da wata mata tana daka a nesa, sannan na ji muryarsa, ta shaƙe ta tsufa amma ita ce. Muka gaisa kamar jiya muka rabu, ya tambayi ido, na tambayi jiki. Da gaisuwa ta ƙare ba sauran inda zan ɓuya.

“Dogo, mazon nan mai tsagaggen kunne. Na gan shi bayan tafiyarka da shekara biyu. Da ransa.”

Ya tambaye ni ko ƙahon ya wuce kunne a lokacin. Na ce ya wuce. Ya ce to na harbe shi? Na ce a'a.

“Me ya hana ka?”

“Kunnen,” na ce.

Bai zage ni ba, da ma ya zaga da na fi samun sauƙi. Ya ce Sarkin Baka ya daɗe a ƙasa, duk waɗanda suka zauna a zauren nan ranar sun bi shi ɗaya bayan ɗaya, saura ni da shi. Ya ce shi ai ya san abin da aka dafa a gidansa, ba shi ne mai bukatar labarin ba, to wa nake gaya wa? Na ɗaga kai na dubi yaron. Ya daina murmushi, hannunsa na kan ledar naman, ruwan sanyinta yana ɗiga a tabarma. Na ce wa Dogo jikansa yana nan zaune a gabana, yana ji.

“To muryarka ta yi ƙasa, Mai-hanci,” ya ce. “Ɗaga ta. Ka faro masa daga bayan danga.”

Na gyara zama, na fuskanci yaron, na faro daga bayan danga.